Fastar Kawu da Ramar da Bai Yi Ba

Kawuna mutum ne mai jiki, ga kumatu ga tumbi, amma ni na ramar da shi a idon mutanen Tarauni kaf. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lokacin sojoji sun koma bariki, siyasa ta kankama, duk mai babbar riga yana hangen kujera. Kawu ya fito neman kansila a mazaɓarmu. Ni kuwa ina riƙe masa shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi, da kwamfuta ɗaya da wani allo mai faɗi, na hannu.

A shekarun nan na kamu da aƙidar buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa zai iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙera ta. Na goge abin da ke kan kwamfutar na sa irinta. Saura direban hoto, wato 'yar manhajar da ke gaya wa allo yadda zai nuna abu. Akwai na kamfani, a rufe ruf, ba mai ganin cikinsa. Akwai buɗaɗɗe, aikin 'yan sa-kai. Na ɗauki buɗaɗɗen ina hura hanci.

Maƙwabcina mai gyaran kwamfuta ya leƙo, ya ƙura wa allon ido.

"Malam, direban nan naka bai san girman allon ba. Komai ja yake yi gefe da gefe. Dubi hoton agogon can, ya zama ƙwai. Sa na kamfani ka huta."

"Abin da ban ga cikinsa ba, ba zai shiga kwamfutata ba."

"To wanda ka ga cikin nasa, ka iya karantawa?"

Wallahi ko layi ɗaya ban iya ba. Amma na ce ya je ya ji da ƙusoshinsa. Kafin mako idona ya saba, na daina ganin ƙwan.

Sai ga Kawu da hotonsa, a yi masa fasta. Ina sa hoton, na ga mutum ya cika allo kamar buhun gero. Na zagi mai ɗaukar hoton tas, sannan na kama gefe da gefe na yi ta matsewa har Kawun da na sani ya fito. Na zuba a faifai na aika maɗaba'a, ko gwaji ban nema ba. Aka buga, aka manne daga Daurawa har Ƙauyen Alu.

Washegari 'yan dubiya suka cika ƙofar gidan Kawu, wannan da lemo, wancan da madara.

"Sannu Alhaji, ya jiki? Ashe haka aka sha fama ba mu ji ba?"

Kawu ya fito yana buga tumbi yana rantsuwa lafiyarsa lau. Wata tsohuwa ta dube shi, ta dubi fastar da ke bango, ta girgiza kai ta ce, "Wayyo, har ya fara kumbura." Shi ke nan! 'Yan adawa suka ɗauka, gari ya ɗauka. Ga shi saura kwanaki dattawan mazaɓa su zauna su tsayar da ɗan takara.

Kawu ya faɗo shago da fastar a hannu. Na karɓa na duba. Mutum ne dogo siriri, wuya kamar muciya, hula ta yi masa yawa.

"Kai, ɗan nan, me na tsare maka?"

Na nuna masa allo, in wanke kaina, ga shi nan ɓul-ɓul. Sai ga maƙwabcina ya shigo. Ya ture ni daga kujera, ya sa direban kamfani. Agogo ya koma zagaye, Kawu kuma ya tsotse a gabanmu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Muka sake buga fasta, amma magana ta riga ta yi nisa. Dattawa suka tsayar da wani, wai don tausaya wa lafiyar Alhaji. Wata uku Kawu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Bayan shekaru ciwon gaske ya kwantar da shi. Na je dubiya, na tarar ya koma fastar nan sak. Ya lura da yadda nake kallonsa, ya yi dariya har da tari.

"Ja'iri, ka riga likita gani. Ɗauke ni hoto, ka sa a allon nan naka mai ƙara wa mutum jiki. Kada ka matse komai."

Ban gaya masa 'yan sa-kai sun daɗe da gyara direbansu ba, allon ya daina ƙara wa kowa ƙiba. Da hannuna na ja hoton gefe da gefe, ina yi ina share hawaye, har kumatun suka dawo. Na buga na kai masa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yauwa. Ga kansila."