Akwatuna Talatin Da Shida Na Hannun Hagu

Da safiyar Laraba, huɗu ga watan Yuni, na shigo ɗakin zane wajen ƙarfe bakwai da rabi, na tarar da Baba Sake zaune a teburinsa na bakin taga. Wata takwas rabonsa da wannan kujera. Hannunsa na dama yana ajiye a kan cinya, inda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya bar shi. Ya danne takarda da kofin shayi don kada ta zame, yana zane da hannun hagu. Bai amsa gaisuwata ba sai da ya gama abin da yake yi. Kwana goma sha tara bayan haka, ranar Litinin ashirin da uku ga wata, Allah ya karɓi ransa a asibiti bayan azahar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu masu yin katun ne, hotunan zane masu motsi da yara ke kallo. Kafin a motsa ko da wutsiyar kare, sai an zana labarin gaba ɗaya a ƙananan akwatuna, a manna su a bango a jere, a ga inda za a kusanto da fuska da inda za a ja baya. Wannan shi ne aikin Baba shekara ashirin da bakwai. Sunan Sake kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya kai masa zane, kalmar da zai fara ji ke nan.

Baba, a shagon aski ka samo ni. Ni mai rubuta allon shaguna ne a lokacin. Na zana wa mai askin wani mutum ana yi masa gyaran fuska, ya karkato da ido yana harar reza. Ka sa aka kira ni, ka ce wa ya ce in karkatar da idon. Na ce haka kowa ke yi idan reza ta zo maƙogwaro. Ka ce, "Kallo dai ka iya. Zane kuma za mu gani." Tun ranar ka sa mini suna Mai Fenti, har yau ba a kirana da wani suna a wurin aiki.

Aikin farko da ka ba ni kare ne zai tsallaka titi. Na kwashe kwana huɗu a kan akwati ɗaya, ban bar gashi ko ɗaya ban zana ba. Na kawo ina jin kaina. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "Karen ya yi kyau. Ina za shi?" Ka ƙwace fensirina mai tsini, ka ba ni alƙalami mai kaurin ɗan yatsa da takardu kamar kwalin ashana, don kada in sami wurin yin ado. Wata uku ina zana 'yan mutane kamar tsinken tsintsiya. Na yi fushi a raina, ban faɗa ba. Sai daga baya na gane cewa a da hoto nake yi, ba labari ba.

Kana da doka guda wadda ko darakta bai isa ya tsallake ba. Ba a rubuta komai a ƙarƙashin akwatuna sai Inna mai shara ta zo ta tsaya a gaban bango ta ba da labarin da bakinta. In ta ce, "Nan kuma me ya faru?" to an cire wannan akwatin ke nan, ko na wane ne. Naka ma ta sha sa ka yage shi. Kana cewa Inna ce babban malaminmu, ita kuma ta ce in haka ne a ba ta kujera mai juyawa.

Ba zan ce ba ka da zafi ba. Ka taɓa jifan mai sa wa zane launi da abin goge fensir don ya ce tafiyar akuya da ta tunkiya duk ɗaya ce. Bayan nan ka tattare riga ka durƙusa a ƙasa ka yi masa tafiyar kowacce, dattijo mai jikoki, muna ta dariya, kai ko murmushi ba ka yi ba. Amma akwai abin da ka yi mini wanda ba kowa ya lura ba. Karatuna bai yi nisa ba, rubutun labari mai shafi ashirin yana ɗaukata yini guda, in ma na gane. Ka gano haka a makon farko. Sai ka kafa cewa daga yau duk labarin da aka kawo za a karanta shi a fili kowa yana ji, wai kai kunnenka ya fi idonka fahimta. Shekara shida ana yin haka. Ba ka taɓa dubana ba lokacin karatun, ni ma ban taɓa yi maka godiya ba. Yau na yi.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki biro, alhali rubutu ba sana'ata ba ce.

A fim ɗin da muke yi akwai wuri ɗaya da ya gagare mu. Kaza ce aka sa mata ƙwan agwagwa ta ƙyanƙyashe, ta rene shi tare da 'ya'yanta, ranar nan suka zo bakin tafki ya shige ruwa. Sau biyar ina zana shi. Na sa kazar ta yi kuka, na sa ta yi ta guje-guje a bakin ruwa, Inna ta duba ta ce, "Wannan kaza ai neman suna take." Autarka ce ta ba ka labari a gida. Washegari ka sa ta kawo ka.

Abin da na gani ke nan da safiyar Laraba. Akwatuna talatin da shida ka zana da hagu, daga bakwai zuwa sha ɗaya saura. Layukan sun karkace, kazar kamar buta, tafkin kamar faranti. Sau biyu alƙalamin ya faɗi, na sunkuya zan ɗauko, ka ce, "Bar shi, Mai Fenti, ni ya faɗi wa." Da muka manna su a bango na ga akwatuna huɗu a jere kazar ba ta motsa ba, ɗan agwagwar ne kawai ke ƙara ƙanƙancewa. Na ce, "Baba, ko an maimaita ne?" Ka ce a kira Inna.

Ta jingine tsintsiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da labari, ba ta tsaya tambaya ko sau ɗaya ba. Da ta zo kan huɗun nan ta matso kusa ta duba. Can ta ce, "Ta so ta kira shi, ta fasa. Ta ga ya iya." Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Ka juyo ka ce da ni, "Kwafe su da hannunka mai kyau, nawa kuma ka zuba a shara. Kada yara su ga wannan kazar su tsorata."

Na kwafe. Ban ƙara akwati ba, ban rage ba, ban matsar da ko ƙafar kaza ba. Wanda na kwafe shi darakta ya gani da ya dawo daga tafiya. A wurin gaisuwar rasuwa ya ce da ni, da kyakkyawar niyya, sunana za a sa a kan wannan ɓangare, tunda kowa ya san hannun Baba ya daɗe da daina aiki. Babban ɗanka ma ya riƙe hannuna ya ce ya ji labari, Allah ya saka da alheri da na rufa wa mahaifinsu asiri. Wurin makoki ne, sai na bar gyaran maganar zuwa yau. Babu asirin da na rufa. Wanda ya san aikin nan ya san kyan layi ba shi ne aikin ba. Sanin inda kaza za ta tsaya, da tsawon tsayuwarta, shi ne aikin, kuma sau biyar ina nema ban samu ba.

Baba, ka yafe mini, ban zuba su a shara ba. Karo na farko ke nan da na ƙi jin maganarka. Suna cikin ambulan a aljihun teburina, har da zoben kofin shayi a kan na farkon. Zan nuna wa darakta, sannan in kai wa matarka, Mama, su zama nata.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da yayanmu babban ɗanka, da sauran 'ya'ya da jikoki, da ƙanwarka da ta zauna da kai a asibiti, da duk wanda ka taɓa ce wa sake. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Roƙona ɗaya ne, a sa sunanka a inda ya dace. Wanda yake shakkar maganata, ba ni kaɗai ne a ɗakin ba. Autarka tana zaune a kan benci tana fere maka fensir da ba ka yi amfani da shi ba. Mai ɗaukar sauti ya shigo neman waya ya tsaya har ƙarshe. Mai gadi shi ya riƙe ka kuka hau matakala. Inna mai shara kuma tana nan kullum daga ƙarfe bakwai, a tambaye ta.