Dangwalen Yatsan Inna

Abubuwa da yawa sun same ni sun wuce, wasu ma sai an tuna mini nake cewa, "Af, haka fa aka yi." Amma abin da ya faru a gindin shaton ruwan ƙauyenmu, babban tankin nan da ake kafawa a sama, saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, a shekarata ta farko a jami'a, wannan kam ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina ba na jin zai fita daga kaina. Kuma ba wanda ya cuce ni, ni na ja wa kaina.

Ƙauyenmu yana kan tudu, can bayan Kore Mairuwa. Rijiyarmu ɗaya ce, mai zurfin da in ka leƙa ba ka ganin komai sai ɗan ƙyalli can ƙasa. Mata biyu ko uku ke haɗuwa su ja guga ɗaya. Tafin hannun Inna, mahaifiyata, duk ya yi kanta saboda igiya. Babanmu ya rasu tun ina firamare, ita kaɗai ta riƙe mu. Ni ce ƴar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke wagga" shi ne sunana a bakinta. Ko na zo ta ɗaya a aji aka zo ana yi mata barka, sai ta kau da kai kamar da wata ake. Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu.

A Dogon Dutsi na yi lise, wato babbar sakandare, ina zaune gidan wani ɗan kasuwa, abokin Baba. Can ne mushenmu, malamin lissafi, ya shigo aji wata rana da ordinatarsa, wato kwamfuta. Ya rubuta wasu ƴan layuka, bai fi goma ba, ya danna wani wuri, sai ga sunayenmu duka sun jeru, kowa da makinsa, daga ta ɗaya har na ƙarshe. Aikin da yakan kwashe kwana biyu yana yi da hannu! Ƴan aji suka yi tafi suka manta. Ni kuwa abin ya shige mini rai. Na dinga bin bawan Allah nan da tambaya har ya gaji ya ara mini wani tsohon littafi. Ba ni da na'ura, sai in rubuta layukan a bayan kayena na rubutun aji in bi su da kai, in ce da ni ce ita me zan yi a nan.

Da bak, jarrabawar gama lise, ta fito na samu, mushe ya tara mu, mu ƴan kimiyya, ya raba mana takardar zaɓi. Layi uku ne, ka rubuta abin da ka fi so a sama. Ya ce akwai injiniyan gini da hanyoyi, akwai na lantarki, akwai na ruwa, akwai informatik, wato karatun ordinata. "Kada ku bi abin da ake yayi," in ji shi. "Ku duba abin da za ku iya tashi kullum ku yi, shekara talatin, ba ku tsine wa safiya ba." Ni ai na daɗe da sanin nawa. Saura kawai uba ko uwa su sa hannu a ƙasan takardar kafin ta shiga dosiyen buris, wato takardun neman tallafin karatu.

Na iske Inna ta dawo daga gona tana wanke ƙafa. Na zauna ina lissafa mata karatuttukan, tana cewa "uhm" ba ta ko dube ni ba. Da na ce "ruwa" sai ta ajiye butar.

"Ana karatun ruwa?"

"Ana yi, Inna. A koyi inda yake a ƙasa da yadda ake fito da shi."

"Har ɗiya mace?"

"Har mace."

Ta dubi hannunta. Sannan ta ce, "To shi za ki yi."

Jama'a, tun da aka haife ni wannan baiwar Allah ba ta taɓa neman komai a wurina ba, ko allura. Ranar farko ke nan. Da wane bakin zan ce mata a'a? Sai na ce to. Na shiga ɗaki na cika layi uku da abin da raina ke so, na fito na tsuguna gabanta. Inna ba ta yi boko ba, duk takardar da ta shigo gidanmu ni ke karanta mata. Na ɗora yatsa a kan layin farko na ce, "Nan an rubuta karatun ruwa." Ko muryata ba ta yi rawa ba, abin da har yau yake ba ni tsoron kaina ke nan. Na shafa mata tawadar bik, wato biro, a babban yatsa, ta ce bismillah, ta dangwala. Ta kuma ce in yi mata fotokopi ta ajiye.

Na ce wa kaina ai Yamai, inda jami'ar take, da nisa, wa zai sani? In na gama na samu aiki na gina mata ɗakin siminti, maganar ta wuce. Yarinta ke nan, mutum ya yi ƙarya ya zauna yana yi mata kwalliya.

Ranar tafiyata ta zo. Matan unguwa suka cika gidanmu, wannan da ƙuli-ƙuli, wannan da yaji, wannan da dakuwa. Gwaggo, yayar Baba, mace mai baki kamar reza, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ga injiniyarmu ta ruwa! Uwarki ta hana mu sakat bakin rijiya da zancenki." Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ashe matar da ba ta iya kiran sunana ta ajiye kunya ta je tana alfahari da ni a gaban mata. Raina ya ce in faɗi gaskiya a nan, bakina ya ƙi. Na karɓi dakuwa na shiga mota.

Karatun kam ya karɓe ni, ba zan ɓoye ba. Ranar da abin da na rubuta ya fara aiki a kan na'ura ta gaske, sai da na yi ihu a cikin aji. Amma in Inna ta ari waya ta kira ta ce, "Yaya ruwan?" sai in ce alhamdu lillahi, in yi sauri in tambayi lafiyar awaki.

A cikin shekarar wani proje na taimako ya haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, aka sa fano, fayafayan nan masu aiki da hasken rana, aka kafa shato da famfuna. Mata suka rataye igiya suka huta wata biyar. Sai cikin azumi, ana tsakiyar bazara, abin ya tsaya cak. Aka aika Dogon Dutsi, mai gyara ya ce sai bayan Sallah. Ni ban san da wannan ba, na sauka da ƴar jakata ina murnar zuwa gida.

Washegari da hantsi ina cikin barcin gajiya na ji tsakar gida ta cika da murya. Gwaggo ce a gaba. "Tashi, injiniya, Allah ya kawo ki kan lokaci." Haka suka tasa ni gaba har gindin shato. Muna isa na ga an riga an jera bidoji, wato jarkoki, da bokitai, layi guda har bakin hanya. Wato ba su ma yi shakka ba. Tsohon da ke riƙe da makulli ya buɗe mini akwatin ƙarfen da kayan lantarkin suke ciki ya ja da baya cikin girmamawa. Wayoyi ne birjik, da wata ƴar jar fitila tana kyaftawa.

Sai na yi abin da duk mai ordinata ya iya in ya rasa dabara: na kashe, na ɗan jira, na kunna. Shiru. Na sake. Shiru. Na ce a goge ƙurar da ke kan fano, aka goge, ko ɗigo. Gumi ya jiƙa mini hijabi, ga azumi, ga idanu sun fi hamsin a bayana. Inna ta matso ta ce da su a hankali, "Shekara guda ta yi hwa, ƙila ba su kai nan ba tukuna."

Gwaggo ta tafa hannu. "Shekara guda ana karatun ruwa ba a kai ga hwamfo ba? To mi kuke yi can, wanka?"

Mata suka fashe da dariya. Wasa take yi, na sani, irin wanda ta saba. Amma ni da zuciya kamar ta Baba, ga kunya ta rufe ni, sai na juyo na ɗaga murya na ce, "Ni fa ba ruwa nake karanta ba! Ordinata nake karanta. Ku ƙyale ni!"

Baki shi ke yanka wuya. Ba ni aka kalla ba, Inna aka kalla, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ta sunkuya ta ɗauki bidonta daga farkon layi, don ita ta fara ajiyewa, ta bi ta gida ta ɗauko guga, ta nufi tsohuwar rijiya. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi ta. Ni ma na bi, na kama igiya a bayanta. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma juyo ba. Kafin mu cika bido biyu hannuna ya yi ruwa ya fashe.

Da la'asar tana dama furar buɗa-baki, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta buɗe kwallarta. Ta fito da fotokopin nan a naɗe cikin ƙyalle, ta miƙo mini.

"Ke wagga. Karanta min. Yadda aka rubuta."

Na ce, "Layin farko, informatik."

"Na biyu?"

"Shi ne dai, a wata makarantar."

"Na ukku?"

"Lantarki."

"Ruwan hwa?"

"Babu shi, Inna."

Na fashe da kuka ina cewa tsoro na ji kada ta hana ni. Ta bar ni sai da na yi mai isata, sannan ta ce, "Ni da ban san ko baƙi guda ba, ina ni ina hana ki? So na yi, na hwaɗi. Da kin ce min ba shi kike so ba, da na ji zahi kwana biyu ya wuce. Amma ke ce idona ga takarda. Kika kama yatsana da hannunki kika aza shi inda ban sani ba." Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba. Wallahi da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bayan Sallah mai gyara ya zo a kan babur, ya canza wani ɗan abu da ya ƙone, ko rabin awa bai yi ba ruwa ya zubo. Gwaggo ta ci gaba da kirana "injiniyar kashe-kunna" har ta bar duniya. Inna kuwa ba ta fasa yi mini komai ba, yaji da ƙuli-ƙuli ba su taɓa yankewa ba. Sai dai ba ta ƙara tambayata karatu ba. A wani hutun ina zaune na ga ta wuce ni da takardar magani a hannu, ta kai wa daraktan lakol, shugaban makarantar ƙauyenmu, ya karanta mata.

A shekarata ta ƙarshe ciwo ya kwantar da ita a likita, wato asibitin Dogon Dutsi, na zo jinya. Wata safiya ta ga wata ma'aikaciya tana danne-danne a kan na'ura, ta daɗe tana kallonta. Can ta ce, "Irin naku ne wancan?" Na ce eh. Ta ce, "To in na samu sauƙi ki gwada min yadda shike aiki. In ga abin da ya ɗauke min ke." Har ta yi ƴar dariya. Ranar farin ciki kamar in tashi sama. Na tsara a raina abin da zan fara nuna mata, yadda zan rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, in sa ita ta danna da kanta. Kwana shida bayan nan ta rasu.

Yau shekaruna da dama ina wannan aiki, kuma ban taɓa tsine wa safiya ba. Zaɓin da na yi daidai ne, ko gobe shi zan sake. Amma duk ranar da na gama wani aiki aka yaba, mutum ɗaya nake so in nuna wa, kuma ba ta nan. Ina kewar Inna, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Shekara huɗu na yi asara, da na yi su ina ba ta labarin abin da nake so tun daga ranar farko.

Shi ya sa in ƴan bak suka zo mini neman shawara, ko gini ko lantarki ko informatik, ba na fara da wanne ya fi samun aiki. Nakan ce su zaɓi abin da ransu ke so, sannan su je gida su faɗa da bakinsu, a yi gardamar, a yi fushin, duk zai wuce. Abin da na koya shi ne, abin da uwa za ta ba ka in ka roƙa, kada ka sace shi. Ni na sace nawa, kuma ranar da aka yafe mini har aka ce in zo in nuna, lokaci ya riga ya ƙare.