Katakon da Issufu Bai Gama Gogewa Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba 2025, Allah ya karɓi ran Malam Issufu Mati, kafintan unguwarmu a nan Malanville, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana fama da shi ba. Ni Manzo, abokinsa tun muna samari muna ɗora buhunan albasa a kasuwa, ni nake faɗin wannan, 'yata Latifa tana rubutawa, domin idanuna sun daina aiki.

Issufu, kai ne mutum na farko da na gaya wa cewa ba na gani. Lokacin Salamatu matata ta rasu, 'ya'ya sun watse, gida ya zama daga ni sai bango. Ran da na yi tuntuɓe da dokin ƙofa na fasa goshi, ɗana Nuruddeen ya bugo waya daga Kwatano ya ce zai zo ya tafi da ni. Na san ƙauna ce, amma ban yarda ba. Me zan yi a gidansa na bene, a garin da ban san muryar kowa ba? Daga ƙarshe muka daidaita: in zan iya kai kaina masallaci ba mai jan hannuna, a bar ni a gidana.

Kana jin haka ka ce, "Shi ke nan? To bari in gani ko katako ya hi mu wayo."

Ka shigo da ɗan injin nan naka da muke kira Ɗan-karkarwa, wanda bakinsa ba ya juyawa, rawa kawai yake yi a wuri ɗaya. Ka zaɓi mai batir da gangan, ka ce ba za ka bar ɗaukewar wuta ta yi maka mulki ba. Da shi ka yanke dokin ƙofar nan daidai da daɓe, ba tare da ka cire ƙyaure ba. Da shi ka datse kawunan ƙusoshin da suka sha yaga mini riga. Sai ka sauya masa baki, ka sa mai kusurwa uku, ka bi lungunan da babban injin guga ba ya shiga. Na ce maka ƙararsa ta ishe ni. Ka ce, "Kai da ba ka gani, ai gara ka ji ana aiki, kada ka ce cutar ka nike."

Sannan ka kafa mini katakon dafawa a jikin bango, daga ɗaki zuwa banɗaki, daga nan zuwa zaure. Ka fara gugarsa da takarda mai kaushi, ka bi da matsakaiciya, ka ƙare da mai laushi. Ba ka taɓa tsallake ɗaya ba, ko da ina yi maka ƙorafin nawa. In ka gama sai ka kama tafina ka ɗora, ka ce hannuna ne alƙali. Amma dabararka ta gaske ita ce wuraren da ka ƙi gogewa. Kafin matakala, kafin rijiya, kafin kwana, ka bar faɗin tafi ɗaya da kaushinsa. Ka ce mini, "In ka ji santsi, tahi. In ka ji kaushi, tsaya." Hannuna ya haddace wannan har ya daina shawara da ni.

Saura na waje, wanda ya bi katangar Aƙilu maƙwabcina zuwa ƙofar masallaci. Ka nemi izininsa, ka kafa katakon, ka goge ɗan farkonsa, ka ce gobe za ka ƙarasa. Washegari aka ce kana kwance.

Ranar sadakar uku na ce ba wanda zai riƙe ni. Na fito, na bi santsin aikinka har waje, sai tafina ya sauka a kan kaushi. Na tsaya cak. Na laluba gaba in ji inda santsi zai dawo, bai dawo ba. Katakon nan gaba ɗayansa tsaya yake ce mini. A nan na gane da gaske ka tafi, Issufu, ba a bakin kabari ba. Na yi kuka a tsaye, ina jin babura suna wucewa, ba wanda zai zolaye ni ya ce tsoho ya ji tsoron katako.

Daga baya na ɗaga ƙafa. Na bi kaushin nan, sartse ya shige mini yatsa, na isa sahu da kaina. Nuruddeen, da ya zo ta'aziyya, yana bayana ashe, bai taɓa ni ba. Da muka fito ya ce, "Baba, na gani." Bai ƙara maganar Kwatano ba.

Ɗanka Abdurazak ya zo da injinanka zai ƙarasa gugar. Na roƙe shi ya bar mini faɗin tafi ɗaya daidai inda hannunka ya tsaya. Ba matakala a wurin, ba rijiya. Amma kullum in na iso nan hannuna zai tsayar da ni, in yi maka addu'a, sannan in wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Aminatu, da Abdurazak, da 'yarka Jamilatu, da dangi na Garou da Gaya. Allah ya ba ku haƙuri, ni ma ku roƙa mini. Allah ya gafarta maka, Issufu, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi. Ka share wa makaho hanyar masallaci. Allah ya share taka har Aljanna, kada ka tarar da inda za a ce maka tsaya. Amin.