Kurkunun da Na Ja da Hannuna

A shekarun da suka gabaci samun mulkin kai, ni matashin malami ne, haifaffen Gwandu, ina zaune a Kalgo ina koya wa magidanta karatu da rubutun ajami bayan la'asar. Allah ya ba ni kyan rubutu, ni kuwa na ɗauka iyawata ce. Alƙalamina ni nake fere shi, tawadata ni nake dafa ta, amma ban taɓa duban hannun da ke yin aikin na ce alhamdulillahi ba.

Malamina na Gwandu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai ya ba ni wani littafin fiƙihu da gara ta fara ci, ya ce in kwafe masa da manyan baƙaƙe kafin azumi, don yana son ya karantar da shi ko sau ɗaya kafin ya koma ga Allah. Na kai rabi ke nan kurkunu ya fito mini. Mutane a ƙafa yake kama su, ni kuwa a wuyan hannun dama ya ɓullo. Duk ruwan tafki ɗaya muke sha, ba mu san daga nan yake ba.

Mai ɗakina ta san jinyarsa, don ta yi wa mahaifinta. Kowace safiya sai ta jiƙa wurin, ta naɗe abin da ya fito a jikin tsinke, ɗan kaɗan, ta shafa man shanu ta ɗaure. Ta ce mini, malam, wannan ba a yi masa gaggawa, kuma kada ka riƙe alƙalami sai ya gama fita. Na yi mata dariya, na ce ita da ba ta san alif ba ce za ta hana ni rubutu. Ta ce alif dai ba ta sani ba, amma ta san tsutsa.

Kwana goma sha biyu na daure. Ranar da aka ga watan Sha'aban, na dubi takardun da suka rage, zuciyata ta ƙi haƙuri. Da hantsi, tana wajen daka, na kwance tsumman, na kama tsinken da hagu na ja. Ya tsinke a ciki. Da ta dawo ta gani, ba ta yi faɗa ba, ta zauna kawai ta rufe fuska da gyale.

Kafin kwana uku hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da ni. Wanzami ya tsaga shi sau biyu. Wata huɗu ban ɗaga shi ba. A nan na san abin da hannu yake yi wa mutum. Ita take yi mini alwala, ita take ba ni tuwo a baki. 'Yata ta miƙo hannu in ɗauke ta, na kasa. Ɗalibaina suka zo gaisuwa, ba ni da hannun musafaha. Malamina ya aiko cewa kada in damu da littafi, in nemi lafiya. Ya rasu bayan ƙaramar salla, bai karantar da shi ba.

Hannun ya warke, amma yatsu biyu na ƙarshe sun lanƙwashe har yau. Da ukun da suka rage na sake koyon rubutu, kamar ɗan farin shiga, kuma da su nake rubuto muku wannan. Yanzu idan ina alwala nakan wanke su a hankali, ina gode wa wanda ya ara mini su. Ina jan hankalin 'yan'uwa, musamman masu cin abinci da hannunsu: kada son aiki ya sa ku zalunci gaɓar da ke yin aikin. Kuma idan mai jinyarku ya ce ku dakata, ku dakata, ko da kun fi shi karatu.