Jirgin Yaƙin Ciɗo

Duk faɗin Adar, daga Kalfu har inda gonaki suke ƙarewa a arewa, mutum ɗaya ne ya taɓa ƙera jirgin sama mai ruwan bama-bamai, sunansa Ciɗo. Tsawon jirgin bai kai kamu biyu ba, ko da an haɗa da wutsiya.

Ciɗo maƙerin gwangwani ne a bakin kasuwar Tawa, mai yin mazurari da murhun shayi. Da ƙuruciya ya tafi biɗa Libiya, ya yi dakon siminti kusa da wani filin jirgi, ya ga abin da ya gani ta ramukan shinge. Ya dawo da rediyo da ciwon baya. Yana kuma jin Tamashek, harshen Buzaye, ta wajen uwa. A da babu wanda ya damu da waɗannan abubuwa. Amma bayan babban taron ƙasa, da tawayen Buzaye ya yi zafi a arewa, sai zuwa Libiya ya zama irin labarin da mutum ke mancewa da gangan. Wani tela a unguwarsu, Rissa, an zo da mota an ce ya je ya amsa tambaya. Ƙura ta rufe keken ɗinkinsa, yana can yana amsawa.

A wannan shekara malaman lakwal, wato makarantar boko, suna yajin aiki, ba albashi, ba ɗalibai, sai zaman shayi a gindin dogon yaro kusa da rumfar Ciɗo. Mushe Sadiƙu, malamin lissafi, shi ya ƙirƙiro wasan. Aka ɗaure waya daga reshe zuwa katanga. Kowa ya ƙera jirginsa, a rataya shi ya zurara, ya saki kaya a kan garin da aka zana a rairayi. Da yake babu garin da dukansu suka sani sai nasu, Tawa suka zana: ga kasuwa, ga masallacin Juma'a, ga gidan kowa, ga barikin soja can gefe. Babu mai son a jefi masallaci ko gidansa, saboda haka baki ya zo ɗaya a kan bariki.

Jiragen malamai duk masu farfela ne. Ciɗo ya ce wannan tsohon yayi ne. Nasa injin biyu ya yi masa da gwangwanin tumatir, buɗe gaba da baya, ya lanƙwasa fukafukan suka kwanta baya kamar kunnen jakin da ya yi fushi. A cikinsa ya yanka ƙyaure, wanda ake buɗewa da jan zare, ƙwallayen dabino su zubo.

"Jirgi ba farfela? Da mi za shi tahiya, da addu'a?" in ji Mushe Sadiƙu.

"Da iska, Mushe. Shi sha ta gaba, shi fitar ta baya. Kamar kai."

Jirgin bai taɓa kuskuren bariki ba. Labari ya zaga kasuwa, kuma da ya kai tasha dabinon ya faɗi daga cikin labarin, saura Libiya da bariki.

Matarsa Kande ta ce, "Maigida, ka murƙushe abin nan ka yi mazurari da shi."

Ya ce gobe. Sai da ya gyara wutsiya tukuna.

Wata ranar Laraba da la'asar motar soja ta tsaya a bakin rumfa, ba a kashe inji ba. Wani hafsa mai muƙamin ajidan ya sauko da mutum biyu masu bindiga. Ya tsaya kan zanen ya daɗe, bakin takalminsa daidai ƙofar bariki. Shayi ya tafasa ya zube a garwashi, ba wanda ya miƙa hannu.

"Wa ad da jirgin?" in ji ajidan.

Malamai, waɗanda suka yi watanni suna jawabi a kan 'yancin faɗin albarkacin baki, duk suka dubi Ciɗo.

"An ce ba ya kuskure. Nuna mini."

Ciɗo ya hau turmi ya rataya jirgin. Daga nan sama yana hangen bayan motar, babu kowa a ciki, wuri ya ishi mutum. Ya saki. Jirgin ya zurara, waya tana kuka. Ya wuce kasuwa. Ya wuce masallaci. Inuwarsa ta doshi takalmin ajidan, zaren yana jiƙe a hannun Ciɗo. Kafin bariki saura gida ɗaya a zanen, sai ya ja. Ƙwallayen suka sauka tsakar gidansa, daidai inda ya zana madafin Kande.

"Nan ina ne?"

"Gidana ne, ranka shi daɗe."

Ajidan ya dube shi, ya dubi ƙwallayen. Ciɗo ya ji magana ta taso masa har maƙogwaro, cewa jifa irin wannan, a wuri ƙarami haka, ba kowane hannu ke yin ta ba. Ya haɗiye. Ajidan ya share bariki da gefen takalmi, ya ce, "Kwanan nan muna ganinka," suka hau mota.

Sai da ƙarar inji ta ɓace Mushe Sadiƙu ya yi gyaran murya, ya ce doka doka ce, an yi kuskure a gaban shaidu. A wasan, wanda ya yi kuskure shi ke wanke kofunan shayi. Ciɗo ya wanke.