Cediyar Daso

Maƙabartar ƙauyenmu, gabas da Dungas, ta girmi garin kansa. Wanda ya shiga zai ga gawo da kuka da wata tsamiya da ba wanda ya san kakanta, sai kuma cediya ɗaya a gefen kudu, karkatacciya. Mutane na kiranta cediyar Daso. Da can su uku ne.

Maiwada mijin Daso manomin gero ne, mai son barcin rana. Shekarar sanƙarau aka kwashe shi aikin hanyar Nasara, aikin da ake ce wa na son rai, ana tafiya da igiya a ƙugu. Da ya dawo ya tarar an binne Daso. Kabari a wurinmu ba ya da suna, damina ɗaya ke shafe shi. Amma iyarta, tsohuwa Hinda, ta ce ta sa an kafa ɗanyen reshen cediya wajen kanta. Ashe wasu gidajen ma sun yi haka. Rassa uku suka kama, kusa da juna, Hinda kuwa ido ya riga ya tafi.

Maiwada bai tsananta bincike ba. Ya riƙa kai wa dukkansu ruwa da rani, ya yi musu addu'a a jere, har suka yi inuwa. Shekaru suka wuce a haka.

Sai Kumandan, Baturen mulki, ya so gidan saukar baƙi na jan tubali, tubali kuwa sai da wuta. Wakili, mai isar da saƙon hakimi, ya zo da gardi, dogarin Kumandan, da masu gatari don a sare cediyoyin.

"Baba Maiwada, na roƙa maka. Za a bar ɗaya. Wacce ce ta matarka?"

"Ranka ya daɗe, da na sani ai da ban sha ɗaukar tulu uku ba."

"To, ka tambaye ta. Ran kasuwa za mu dawo."

Wakili wasa yake yi. Maiwada kuwa ya ɗauki tabarma.

Ya fara da babbar. Bayan azahar ya kwanta a gefen inuwarta, iska na kaɗa ganye. Ya yi mafarki yana tafiya cikin gero mai tsawon rimi, zangarniya na sunkuyowa tana gaishe shi. Ya farka da la'asar, jiki sakayau. Washegari ya koma ta biyun, ya ga tafki ya taso ya zo har ƙofar gidansa ya durƙusa, da farar balbela a kansa. Wannan barcin ma ya yi daɗi.

Ƙarƙashin karkatacciyar ko runtsawa bai yi ba. Tururuwa ta shiga wandonsa, 'ya'yan cediya suka riƙa faɗo masa a goshi, wata kurciya ta sauka daidai kansa tana maimaita magana ɗaya. Ya juya dama, ya juya hagu. Can ya tashi zaune, ya daɗe yana kallon reshen.

"Na ji, Daso," ya ce. "Na tashi."

Ran kasuwa ya nuna wa Wakili ita.

"Wannan mai ƙusumbin? Baba, ga masu kyau."

"Ita ce. Tunda aka kawo ta gidana ba ta taɓa barina na yi barcin rana ba."

Aka sare biyun. Hinda ta sa aka kai ta, ta shafa bawon wadda ta rage, ta ce tabbas nan ne, ko da yake a wajen kututturen babbar ma ta faɗi haka.