Damin Ɓarayin Mika'ilu Tela

"Yau ma ba za ka je ba?"

"In je in yi me? In tara gero a kati, gafiyarsa ta kwashe?"

"Ai wasa ne, malam."

"Wasa ne a wajensa. Ni gara in koma gida in kunna rediyo."

"To ni ma na fasa."

A bakin masallaci wasu mutum biyu suka yi wannan hira bayan la'asar. Mika'ilu Tela yana bayansu yana laluben takalminsa, ya ji komai. Ya koma shagonsa, ya share bencin da babu mai zama a kai.

Mika'ilu ɗan Gidan Dinya ne, wani ƙauye a ƙasar Kunci. A Kano ya koyi ɗinki, ya dawo gida bayan rasuwar mahaifinsa don ya riƙe gona. Mutum ne marar yawan magana. Matarsa Sakinatu takan ce keken ɗinkinsa ya fi ta jin muryarsa. Shekaru ya yi shagonsa shiru, a kawo yadi a tafi, a zo a karɓi riga a tafi.

Wata rana ya ga wani wasan kati na ƙasashen waje a wayarsa, wanda kowa ke haɗa nasa katunan kafin a kara. Abin ya kama shi. Ya samo kwalayen taliya, ya yanke su da almakashin aikinsa, ya zana musu abin da ya sani: Gero, Dawa, Gyaɗa, Akuya, Kaza. Ya zana masu gadi, Kare da Mage. Ya zana ɓarayi, Gafiya da Shaho da Biri, waɗanda in ka ajiye su sai ka ɗauke katin abokin karawarka zuwa ƙarshen wasa. Wanda ya riga cika rumbunsa shi ya ci. Tarin katunan da mutum ya haɗa wa kansa kuwa ya sa masa suna dami.

Ya raba wa jama'a kyauta. Malam Tahir, limamin garin, ya zo ya zauna ya kalla, ya ga ba a sa ko sisi, ya ce a dai tashi in an kira salla. Kafin a yi kaka, shagon da ba a zama ya zama majalisa. Da an taso daga gona sai a cika bencin, wasu a kan tabarma, ana musayar kati ana musu: Kaza biyu a bakin Akuya ɗaya. Aka fara jin dariyar Mika'ilu daga bakin hanya.

Daga wajen musayar nan matsala ta taso. Manomi ko a kwali hatsi yake so. Duk wanda Gafiya ta faɗo hannunsa sai ya yatsina fuska ya nemi mai karɓa.

"Tela, karɓi wannan ƙazamar ka ba ni Dawa."

"Ka tabbata, Muntaka?"

"Ni da nake kashe su a gidana, zan riƙe ta a aljihu?"

Mika'ilu ya yi ta karɓa. A hankali ya haɗa dami wanda babu ƙwayar hatsi ko ɗaya a ciki, ɓarayi zalla. Ba ya shuka komai. Sai ya bari ka wahala ka tara, sannan Gafiya ta shiga rumbu, Shaho ya sure Kaza, Biri ya tone Gyaɗa. Ya ci Muntaka, ya ci Ja'afaru mai kanti, ya ci kowa. Da farko ana shewa. Daga baya aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya ji hirar bakin masallaci.

Ya yi tunanin ya mayar musu da ɓarayin. Ya gwada Muntaka, Muntaka ya ce shi ba ya karɓar sadakar ɓera. Ya zauna da gwangwanin katinsa shi kaɗai, yana jin wasan da ya ƙirƙira na mutuwa a hannunsa.

Akwai wadda abin ya shafa ban da shi. Kaltume mai ƙosai, wadda ke suya da yamma a tsallaken shagon, cinikinta ya bi majalisar ya tafi. Kuma taubashiyarsa ce, mahaifiyarta ƙanwar mahaifinsa. A al'ada, in watan cika-ciki ya kama, 'yar mace kan je wajen ɗan namiji karɓar kuɗin shara, kuma abin da ta ɗauka da sunan wasan taubasai ba a binta a ce ta maido.

Washegarin cika-ciki sai ga ta da tsintsiya, tana share ƙofar shagon tana tayar masa da ƙura da gangan.

"Ranka ya daɗe, sarkin ɓeraye! Ina fadawan? Duk sun gudu?"

"Kaltume, kin cika min keke da ƙasa."

"To sallame ni."

Ya sa hannu a aljihu. Ta ce ya bar abinsa, bana ba shi take so ba. Ta miƙa hannu ta sure gwangwanin daga kan teburi.

"Ke! Ba wannan ba."

"Au, za ka bi ni ne, a gaban jama'a? Kwalin taliya da saurin kama wuta. Yau na huta da neman kara."

Ta fita tana dariya. Ya tashi tsaye, ya koma ya zauna. Da la'asar ta yi ya hango hayaƙi na tashi daga murhunta, sai ya juya wa ƙofa baya. Kowace Gafiya da hannunsa ya zana mata gashin baki. Ya yi ta taka keke, ya ɗinke aljihun wata riga a rufe bai sani ba.

Hayaniya ce ta sa ya waiwaya. Mutane sun yi cincirindo gaban kaskon Kaltume, tana ta ɗaga murya.

"Duk wanda ya sayi ƙosai, gyaransa ɓarawo ɗaya! Ja'afaru, ga Birinka, kun ma yi kama."

Abin da suka ƙi karɓa daga hannun wanda ya ci su, sai ga shi suna ture juna a kansa tunda gyara ne. Muntaka ya tsallako da Gafiya a hannu, duk ta yi maiƙo, ya zauna a benci ya buga cinya.

"Tela, fito da abin da ya rage maka."

Babu abin da ya rage masa sai 'yan Gero da Dawa da ke cikin aljihun teburi. Ya haɗa su, aka fara. Bai kai ga cika rabin rumbu ba Muntaka ya ajiye Gafiya, ya zare masa Gero mafi kyau. Majalisa ta ɗauki ihu. Kaltume ta rangaɗa guɗa daga tsallake.

Mika'ilu ya dubi bencin, ya ga ya cika, har wasu na tsaye. Ya sauke dogon numfashi, ya yi dariya har da share ido. Sannan ya juya wajen mai kanti.

"Ja'afaru, don Allah ara min Mage ɗaya in tsare 'yar dawar nan, kafin mutumin nan ya bar ni da rumbu wayam."